A Duba Takarda Kafin A Raba Wa Yara

'Yan'uwana malamai, ina so in jawo hankalinku ga takardun jarrabawar lissafi da muke shiryawa da kwamfuta. Akwai manhaja ta kyauta, LyX, wadda Matthias Ettrich ya fara a 1995. Tana ba malami dama ya ƙirƙiri gajeriyar alama tasa, misali ta naira, don kada ya yi ta maimaita dogon rubutu. Akwatuna biyu ake cikawa: ɗaya na abin da za a buga, ɗaya na abin da zai bayyana a fuskar kwamfuta.

To, ra'ayina shi ne kada malami ya bari biyun nan su bambanta. In ido ya ga wani abu, inji ya buga wani, malami zai ce daidai ne, alhali kuskure ya hau takarda. Yaron Madakiya ne zai faɗi, ga shi iyayensa sun sayar da citta sun biya kuɗin makaranta. Saboda haka a fitar da guda ɗaya, a karanta da kyau, tukuna a kai Kafanchan a buga ɗari.