Albarkar Allah Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Ɗan'uwa Kirista mai karatu, in ka je awon hatsi a kasuwa, ba ka yarda a auna maka a bayan idonka. Kana tsaye kana duban tiya. To, don me kake karɓar wa'azi ba awo?

Akwai masu wa'azi da ke yawo gari gari da kwalaben mai da na ruwa. Suna cewa ka ba da jika biyar ciwonka ya warke. Ka kawo tunkiya rumbunka ya cika. Wasu har suna cewa shan maganin likita rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwar ƙarya ce. Kura ce da fatar akuya.

Za ka ce ai ya karanto aya. Gaskiya ne, ya karanto. Amma buɗe Matiyu sura 4. Iblis ma ya jawo aya daga Zabura 91 don ya jarabci Yesu. Jawo aya ba wuya. Abin dubawa shi ne abin da ke gabanta da abin da ke bayanta.

Ga misali. Mai sayar da mai yana fakewa da Yaƙub 5:14. Karanta da kanka. Maras lafiya ne ke kiran dattawan ikilisiya, su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Ina farashi a ciki? Ina kwalba? Babu.

Duba Ayyukan Manzanni sura 8. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya tsawata masa ƙwarai, ya ƙi kuɗin. Duba 2 Sarakuna sura 5. Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi ya bi a ɓoye ya karɓa, sai kuturtar ta kama shi. Abin da Bitrus da Elisha suka ƙi, wane ne wannan da zai sa masa kuɗi?

Batun magani kuwa, Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Bulus ya bar abokin aikinsa Tarofimas ba lafiya a Militas, bai ce masa marar bangaskiya ba. Masu bishara ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Da magani zunubi ne, da ba su gina shi ba. Yaron da zazzaɓi ya kama, a yi masa addu'a, a kuma kai shi likita tun da wuri. Uwar da ta tsaya jiran ruwan kwalba tana iya rasa ɗanta.

Kada ka ji wannan ka hana baiko. Fasto mai aikin kirki ya cancanci ikilisiya ta riƙe shi, 1 Korantiyawa sura 9 ta nuna haka. Amma baiko daban, ciniki daban. Baiko kai ke bayarwa da yardar ranka. Ciniki shi ke yanka maka farashi.

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932. Da can wani ke karanta maka, dole ka yarda da bakinsa. Yanzu ka iya haɗa baƙi da wasali. Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni 17:11, kowace rana suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. An yabe su, ba a zarge su ba. In an auna wa'azin Bulus, wa ya fi ƙarfin awo?

Saboda haka, ranar Lahadi tafi majami'a da Littafinka da fensir. Rubuta sura da aya. Da dare ka karanta surar duka, kai da iyalinka. Abin da ya shige maka duhu, tambayi dattawan ikilisiya. Malamin gaskiya yana murna da mai tambaya. Wanda ya husata don ka ce ya nuna maka ayar, riƙe tunkiyarka.