Ga Mai Kaɗa Jitar Bes: Wace Waƙa Ce Ta Gaba?

A makarantarmu akwai samari da suka iya riƙe jitar bes. Sun san tsirkiyoyinta huɗu, E, A, D da G, suna kuma raka mawaƙa ran Lahadi ba kuskure. Amma shekara biyu ke nan ba su ci gaba ba. Mun lura da dalili. Waɗansu suna ta maimaita waƙoƙi biyar da suka fara da su. Waɗansu kuwa sukan ɗauko kiɗa mai wuya ƙwarai domin a yabe su, su gaji, su jingine jitar.

Shawararmu ita ce, ka zaɓi waƙar da ta fi ƙarfinka kaɗan, wadda za ta gyara maka rauni guda. Idan yatsunka sukan yi gudu su bar mai ganga a baya, ɗauki "Stand by Me" ta Ben E. King, ta 1961. Kiɗan bes ɗinta gajere ne, yana ta komowa, ba wurin ɓoye kuskure. Idan kunnenka ne bai buɗe ba, saurari "My Girl" ta 1964, wadda James Jamerson ya kaɗa wa bes, ka nemo sautukan da kanka, ban da takarda. Ran koyon waƙa kuma, zauna kusa da masu babbar murya, ka bi su da jita.

Minti 20 kowace rana ya fi awa uku ran Asabar kaɗai. Iyaye, a yi haƙuri da ƙarar. Yaron yana koyon sauraron waɗansu ne.