A Gina Wa Na'ura Ɗaki Kafin A Saye Ta

'Yan'uwa manoma, ga wata magana da muke so ƙungiyoyin gama kai na ikkilisiyoyinmu su tattauna tun bazara ba ta shigo ba. Yanzu ƙungiyoyi suna tara kuɗi don sayen farantin sola, da batir, da ɗan akwatin nan mai rarraba intanet tsakanin kwamfutar magatakarda da sauran na'urori. Ba mu ƙi ba. Duk wanda ya ga watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, ya san amfanin sadarwa. Amma a ina za a ajiye kayan? Yawanci sai a rataye su a shago mai rufin kwano, a kulle ƙofa, a tafi gona.

To, ku duba takardar da ke zuwa da akwatin. Irin na ofis, mafi yawansu an yi su ne domin zafin da bai wuce digiri 40 ba. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, cikin Afrilu da Mayu, ko a inuwa zafi yakan wuce haka, balle a ƙarƙashin kwano da azahar. Akwatin ba zai mutu rana ɗaya ba. Zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, mu kuwa mu yi ta zagin kamfanin waya. Batir ya fi shan wuya. Irin mai ruwa digiri 25 yake so, kuma in an ƙara masa wajen digiri 10 a kai kullum, rabin kwanansa ya tafi. Wannan kuɗin shinkafar gwauruwa ne da na magidanci, ba na Turawa ba.

Wani dillali zai ce ku sayi mai tsada, wanda ke jure sanyi har digiri 40 ƙasa da ƙanƙara. Na ƙasar Kanada ke nan. Sanyin hunturunmu yana fasa kaushi, amma ba ya taɓa na'ura. Ƙura ita ce abin tsoro: takan toshe kafofin iska, ta kama fanka, kafin Maris akwatin ya sha bargo. In za a ƙara kuɗi, a ƙara domin zafi, a nemi marar fanka mai jikin ƙarfe.

Mu mutanen wannan kwari bai kamata a koya mana wannan karatu ba. An gama madatsar Bakolori a 1978, kuma babban kashi na gonakin an shirya shi ne da injunan yayyafi masu dogara da lantarki. Zuwa 2003 yayyafin ya tsaya, aka bar mu da ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana. An kawo na'ura, ba a kawo abin da zai riƙe ta ba.

Shawararmu ita ce kada ma'aji ya fitar da ko kwabo sai an nuna wa dattawa ɗakin. Ba sai na siminti ba. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shagon kwano sanyi nesa ba kusa ba, kowace tsohuwa mai randa ta san haka. A bar taga ƙarama ƙasa ta arewa, wata sama, a sa musu raga. A ɗaga batir daga ƙasa kamar yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu, kada kuma a jibga buhunan taki a jikinsa. In ba makawa sai kwano, a yi masa silin, ko a shimfiɗa zana a bisansa.

Sa'an nan a naɗa mutum ɗaya, da sunansa a littafin taro, wanda zai kashe akwatin ya kakkaɓe shi kowace Asabar daga Disamba zuwa Maris. A saya masa ma'aunin zafi na bango, ya riƙa rubuta abin da ya gani da ƙarfe biyu na rana, ya kawo wa taron wata.