WANDA YA TSIRA DAGA BUGUN ZUCIYA, KADA MU KASHE SHI DA “KWANTA KA HUTA”



Idan mutum ya samu bugun zuciya a wajenmu, aka garzaya da shi asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Allah ya ba shi lafiya aka sallamo shi, abu biyu nake gani. In mai hali ne, sai a shimfiɗa masa katifa a hana shi ko ɗaukar buta. Yana yunƙurawa za ka ji, “Baba, kak ka tashi, mi kaka so a kawo maka?” In talaka ne kuma, bayan sati ɗaya ya saɓa fartanya ya koma fadama, don gida babu tsaba. A ganina dukansu biyu muna cutar da su, ko da na farkon da ƙauna ake yi masa.

Bugun zuciya toshewa ce ta jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini. Wurin da jinin ya yanke yakan mutu ya bar tabo, sauran naman ya ci gaba da aiki. Doguwar kwanciya ba ta ƙara masa ƙarfi. Ƙafafu sukan saki, jini na iya daskarewa a jijiyoyinsu, ga tsoro da baƙin ciki su lulluɓe mutum har ya ɗauka tasa ta ƙare. Amma idan yana motsa jiki daidai gwargwado, gaɓoɓinsa za su saba aiki ba tare da sun ɗora wa zuciyar nauyi ba.

Su kansu likitocin Turai da Amurka sun daɗe suna kwantar da irin wannan mara lafiya sati shida cur. A 1952 ne wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da shi a kujera ya fi barinsa kwance. A 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya samu bugun zuciya. Likitansa Paul Dudley White ya ƙarfafa masa gwiwar komawa harkokinsa sannu a hankali, ya sake cin zaɓe a 1956, ya rayu har 1969. Yau farfaɗo da mai ciwon zuciya fanni ne mai zaman kansa, yawanci shirin sati 12, kuma bincike ya nuna yana rage komawa gadon asibiti.

To me ke cikin shirin? Farko likita ya duba ka ya ce zuciyarka za ta ɗauka. Daga nan ka fara tattaki na minti 5 zuwa 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai minti 30, kwana biyar a sati. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kana tafiya kana iya hira, kana kan hanya, in magana ta gagara, ka sassauta. Da ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take a nufi asibiti. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai magani. Kada a ajiye na hawan jini, na rage kitsen jini da na hana jini daskarewa don an ji sauƙi, ko don wani ya kawo jiƙo. Sai abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin. Taba kam a yi bankwana da ita. Batun azumi, komawa gona, tuƙin mota da kusantar iyali, a tambayi likita ƙiri-ƙiri, kunya ba ta magani.

Na san wani zai ce, ina mutum zai yi tattaki a wannan hali na tsaro? Gaskiya ne, ba wanda zai ce dattijo ya bi hanyar daji da asuba. Amma akwai tsakar gida, akwai filin firamare, akwai hanyar masallaci da hantsi ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Ɗa ko jika ya raka shi, maimakon ya tsare shi a ɗaki. Ita ma uwa ko matar gida da ciwon ya sama, a ba ta wannan damar, don mata sun fi shiga wannan kulle.

Yanzu ga kirana ga manya. Wannan yanki namu ya fitar da gwamnoni uku: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Duk suna da faɗa a ji har gobe. Abin da nake roƙo gare su da gwamnatin Dauda Lawal bai kai kuɗin titi kilomita ɗaya ba: a kowane babban asibiti na waɗannan ƙananan hukumomi a ware rana ɗaya a sati, da nas da aka horar, da likitan motsa jiki, da na'urar awon jini, da ta gwajin zuciya, da rumfa mai inuwa. Wanda aka sallamo daga Gusau ko Sakkwato ya zo da takardarsa a riƙa bibiyarsa kusa da gida. Manomin shinkafa na Bakolori ba zai iya biyan motar Gusau duk sati ba, balle fargabar hanya.

Kafin su ji, mu fara daga gidajenmu. In kuna da irin wannan mara lafiya, ranar komawa asibiti ku tambayi likita: minti nawa zai fara takawa, yaushe zai ƙara, yaushe zai koma aiki? Ku rubuta amsar, ku bi ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Amin.