Gyambon mai ciwon sukari ba a yi masa jiran gobe

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu sake dubawa. Mai ya fallatsa wa mai tuyar ƙosai a ƙafa, ko ɗan tireda a kasuwar Dole ta Damagaram ya taka ƙusa, sai a ce ɗan ciwo ne, a barbaɗa garin kafso ko toka, a ɗaure da tsumma, a koma ciniki. Ga mai lafiya, sau da yawa Allah kan rufa asiri. Ga mai ciwon sukari kuwa, wanda likitocinmu ke kira diyabet, wannan sakaci na iya ƙarewa da yanke ƙafa. A 2017 masana sun ƙiyasta cewa cikin masu ciwon 100, tsakanin 19 da 34 za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu.

To mi ke hana gyambon nasu warkewa? In mutum ya ji rauni, cikin ƴan awoyi wasu fararen ƙwayoyin jini, masu suna nitirofil, kan ruga wurin kamar dogarai, su afka wa ƙwayoyin cuta. Shi ne kumburi da ja da zafin da muke gani, kuma alheri ne. Bayan kwana biyu ko uku wasu manya, makurofaj, sai su iso su haɗiye gawawwakin dogaran, su share fili, sannan su juya su zama magina, su kira sabuwar tsoka da sababbin hanyoyin jini.

Masu ba da umurni a wannan aiki wasu ƴan ƙananan sinadarai ne da jiki ke ƙerawa daga kitse. Ku ɗauke su kamar sanƙira. Na farko, irin su lekotiriyen, shelar yaƙi suke yi. Na biyu su ke cewa a mai da wuƙa kube. Wani masani Ba'amurke, Charles Serhan, da abokan aikinsa sun gano lifoksin a 1984, daga baya kuma, a 2002, suka raɗa wa wasu suna rezolbin, waɗanda jiki ke yi daga kitsen nan na omega-3 da ke cikin kifi irin su sardin.

A jikin mai ciwon sukari, sanƙiran sulhu muryarsa ta dushe. Dogarai na ta zuwa, masu shara sun yi sanyi, magina ba su fara aiki ba. Sai gyambo ya zauna cikin yaƙin da ba ya ƙarewa, yana cin naman da ya kamata ya gyara. Ga jini ba ya isa ƙafa sosai. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne sukari na kashe jijiyoyin ji, har mutum ya wuni tsaye bakin rumfa da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba. Rashin zafi a nan ba alamar sauƙi ba ne.

A 2013 masu bincike a Amurka sun sa rezolbin a raunin ɓeraye masu ciwon sukari, raunin ya rufe da sauri. Labari ne mai daɗi, amma na ɓeraye ne. Har yau babu maganin gyambo na rezolbin da hukumomi suka amince a sayar. Saboda haka in mai tallar magani ya zo maku da kafson man kifi yana rantsuwa zai warkar da gyambo, ku riƙe kuɗinku. Ku ci kifi in da hali, abinci ne mai kyau, amma bai maye gurbin wankin ciwo a gidan likita da saukar da sukari ba.

Mun san abin da za ku ce: in na rufe shago wa zai ciyar da yara? Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan magana ba. Sai dai ku auna cinikin wuni ɗaya da watannin kwanciya a babban asibitin Yamai ko na Damagaram, jari na narkewa, abokan ciniki sun koma rumfar maƙwabci. Mai ciwon sukari ya duba ƙafafunsa kowane dare, har tsakanin yatsu, ya daina yawo ba takalmi, ya kakkaɓe takalmin kafin ya sa. Ƙaramin rauni ma a kai shi likita ran nan.

Akwai kuma da yawa cikinmu da ke ɗauke da ciwon ba su sani ba, sai gyambo ya tona. Awon kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. In aka auna mutum da safe bai ci komi ba aka samu giram 1,26 a lita ko fiye, aka sake awo aka tabbatar, to ciwon ne. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi, Tawa da Yamai suna iya haɗa kuɗin adashi da na biki. Muna roƙonsu su haɗa kai da ma'aikatan lafiya na gundumominsu a kawo awon nan cikin kasuwa, da sassafe kafin a buɗe rumfuna, a fara ko da ran 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya.