Sabuwar Zuciya A Tsohuwar Mota: Da Me Ya Kamata A Fara?

A watan Disamba na 1967 Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Zuciyar ta yi aiki, amma majinyacin ya rasu bayan kwana 18, domin magungunan da aka ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar zuciya sun raunana garkuwarsa, ciwon huhu ya kama shi. Masu sauya wa tsofaffin motoci inji a Amurka suna da darasi a nan, ko da yake da yawansu ba su kula da shi.

Motocin da ake magana su ne masu manyan injuna na silinda takwas, waɗanda suka yi tashe daga fitowar Pontiac GTO a 1964 har zuwa lokacin da dokokin hayaƙi na 1970 da tsadar fetur ta 1973 suka karya musu lago. Wanda ya mallaki irin su, alal misali Chevrolet Camaro ta 1969, yakan fara da tambayar wane inji ne ya fi ƙarfin doki. Wannan kuskure ne. Giyabos ya kamata ya fara dubawa.

Ga dalili, kuma ɗalibi yana iya gwada lissafin a allo. Giyabos ɗin Muncie na wancan zamani giya huɗu gare shi, kuma a giyar ƙarshe farfela tana juyawa daidai da inji, wato ɗaya da ɗaya. Idan giyar aksul na baya 3.73 ce, faɗin taya kuma santimita 66, to a gudun kilomita 110 a awa injin zai riƙa juyawa kusan sau 3,300 a minti. Ga ƙara, ga zafi, ga shan mai. In aka sa giyabos ɗin Tremec mai giya biyar, wanda giyarsa ta biyar 0.64 ce, juyin zai sauko zuwa wajen 2,100, alhali gudun bai ragu ba. Wato tsohon injin nan da ake zargi da haɗama, sau da yawa ba laifinsa ba ne.

In kuwa sauya injin ya zama dole, nauyi ya fi ƙarfin doki muhimmanci. Injin LS1, wanda ya fara fitowa a Corvette ta 1997, lita 5.7 ne, na alminiyam, mai ƙarfin doki 345, kuma ya fi babban injin ƙarfe na Chevrolet 454 sauƙi da kimanin kilo 100. Duk wannan nauyi a kan tayoyin gaba yake, saboda haka rage shi yana gyara sitiyari da tsayawa. Sai dai baƙon inji yana zuwa da buƙatunsa: kwamfuta, famfon mai mai matsi sosai, lagireto mai isar sa, da sababbin mazaunai.

Sa'an nan ga birki, wanda a nan ne rai yake. Yawancin motocin nan da birkin ganga suka fito, wanda yake sanyin hannu idan ya ɗau zafi. Ƙarfin motsi yana ninkuwa huɗu ne idan gudu ya ninku biyu, kuma duk birki ne zai mayar da shi zafi. Wanda ya ƙara inji bai sa birkin faifai ba ya sayi hatsari da kuɗinsa.

Akwai kuma motocin da ya kamata a bar kaza cikin gashinta. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5, kuma injinta na asali yana cikin abin da ya kai ta wannan daraja. Irin wannan ba a taɓa ta da zarto. Ko a motar da ba ta kai haka ba, a zaɓi kayan da ake ɗaurewa da noti ba tare da an yanka bodi ba, tsohon injin kuma a shafe shi da mai a ajiye a ɗaki mara danshi.