Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kasuwar Kantin Kwari



Na daɗe ina shiga Kwari sayen atamfa, kuma abin da nake gani yanzu ya hana ni yin shiru. Dattijo zai buɗe shago da hantsi, ya karkaɗe ƙura, ya jera shadda da leshi, ya zauna har la'asar bai yi cinikin kirki ba. Yarinya kuwa ta shigo, ta ɗauki hoton kayansa, ta ɗora a WhatsApp. Kafin magariba an turo mata kuɗi daga Abuja, ɗan sahu ya kai kayan tasha. Ban ga laifinta ba, halal ɗinta take nema. Dattijon nake tausayi, da 'yan dakon da ke cin abinci a ƙofarsa.

Tun da kasuwar intanet ta Jumia ta fara a Legas a 2012 aka ga inda ciniki ya dosa.

Don Allah ku koya wa masu shaguna sayarwa ta waya. Ku kuma yi wa dillalan intanet rajista, domin mutumin Maraɗi da aka aika wa jabu ya san ofishin da zai kai ƙara.